Ranar da Jan Bargo Ya Yi Ƙarya

Shekara goma sha tara jan bargon nan bai taɓa yin ƙarya ba, sai ranar wata Talata da jariri ya tsula masa fitsari.

Bari dai a faro daga tushe. Gidan su Mai Bargo shi ne na ƙarshe a kan tudu, bene ne hawa ɗaya, daga samansa kana ganin kogi a shimfiɗe tun daga gada har kwanar da ya ɓace a bayan itatuwa. Kogin nan kuwa ba shi da ikon kansa. Can sama, tafiyar kilomita goma sha biyu, an tare shi da dam, ana tara ruwan a tafki ana juya injinan wuta da shi. Ranar da aka rufe ƙofofin dam sai kogi ya tsotse, ya koma iyakar idon sawu, yashi ya fito fari fat. Nan da nan mutane su cika shi: masu wanki da manyan bahonsu, masu haƙar yashi da shebur, tifofi har tsakiyar kogi, ga mai albasa da 'yan fangalinsa a gefe. Ranar da aka buɗe kuwa, ba hadari ba yayyafi, rana na ƙwallewa, sai ka ga ruwa ya taho garai-garai, sanyi ƙalau. Kafin ka shanye kofin shayi ya kai maka gwiwa. Kafin ka tuna inda ka ajiye takalminka ya kai wuya.

Akwai jiniya a dam, ana kaɗa ta kafin a buɗe. To amma jiniyar da ke kilomita goma sha biyu, in iska ta juya, ko kunnen zomo gare ka ba ka ji. Akwai kuma takardar sanarwa da ake liƙawa a allon bakin ƙofar ma'aikata, inda babu mai karantawa sai maigadi, shi ma don ya rage zaman banza.

Mijin Mai Bargo shi ne mai buɗe ƙofofin. Baba Shiru ake ce masa, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Mutum ne da in ka gaishe shi da safe sai ka saurari amsa da azahar. Dokar wurin aikinsu ita ce babu ma'aikacin da zai faɗi lokacin sakin ruwa da bakinsa, ofis kaɗai ke sanarwa, kuma an taɓa korar wani a kan haka. Baba Shiru ya riƙe dokar nan gam. Matarsa ta yi tambaya, ta yi lallashi, ta yi fushi, har ta daina sa masa sukari a shayi kwana huɗu cur. Ya sha abinsa haka nan, ya ce an gode.

Sai ta ɓullo masa ta bayan gida. Ta lura duk ranar da za a saki ruwa, da safe sai ya jawo takalmin ruwansa daga ƙarƙashin gado, dogon nan na roba mai kaiwa gwiwa, ya kakkaɓe, ya ɗaure a bayan babur. Sau uku tana gwadawa, sau uku ruwa na zuwa. A na huɗun ta ɗauko jan bargonta ta hau bene ta shanya a igiya, ta aika wa mutanen kogi saƙo guda: in kun ga ja, ku fita.

Tun daga ranar sunanta na gaskiya ya ɓata, ta zama Mai Bargo. Takan shanya shi da sassafe, da zarar babur ɗin Baba Shiru ya sha kwana. Mutane su ɗaga kai su gani, su yi aikinsu a tsanake zuwa ƙarfe goma, su tattara su hau tudu, ruwa ya iso wajen sha biyu ya tarar da yashi wayam. Wasu suka ce aljanun ruwa ke gaya mata. Wasu suka ce gwiwarta ce ke ciwo in ruwa zai zo. Ita kuwa in an tambaye ta sai ta lumshe ido ta ce, "Kowa da baiwarsa." Tana jin daɗin abin, ba ƙarya, don in ta shiga kasuwa har kujera ake miƙo mata. Amma ba kujerar ce a ranta ba. A shekara goma sha tara ruwan dam bai ci ko akuya ba a kwanar nan, kuma ta san dalilin ɗaya ne tak: in an ga ja, babu mai tsayawa tambaya.

To a ranar Talatar nan takalmi yana ƙarƙashin gado, bai motsa ba. Mai Bargo ta leƙa ta gan shi, ta yafa mayafinta ta tafi asibiti awon jini. Ta bar matar ɗanta a gida da jariri ɗan wata huɗu. Yarinyar kwananta tara da zuwa daga garinsu mai nisa, garin da ko rafi babu, kuma ba wanda ya yi mata bayanin bargo, don kowa ya ɗauka duk duniya an sani.

Wajen sha ɗaya da rabi motar hayar da Mai Bargo ta shigo ta hau gada, sai direba ya taka birki, fasinjoji suka yi ca a taga.

Kogi ya hargitse. Masu wanki na gudu da baho a ka, zannuwa na jan ƙasa. Tifa uku sun yi cirko-cirko a 'yar hanyar fita, kowa na zagin kakan kowa. Mai albasa ya durƙusa yana tuge albasarsa hannu bibbiyu yana watsawa a buhu. Wani mai jaki ya ja, jaki ya kafe, sai ya zagaya yana tura shi ta baya yana haɗa shi da girman Allah. Mai kwalekwale kaɗai ke murna, ya shige jirginsa a kan busasshen yashi, ya gyara zama yana jiran ruwa ya zo ya ɗaga shi.

Mai Bargo ta leƙa ta taga. "Lafiya? Wa ya ce ruwa?"

Wani fasinja a gaba, ko waiwayowa bai yi ba, ya ce, "Mai Bargo ta shanya! Yanzu-yanzun nan kuwa. Tunda ta shanya da rana tsaka haka, ai ruwa yana bayan kwana."

"Wace Mai Bargon?"

"Su nawa ne? Baiwar Allah, ke baƙuwa ce?"

Ta ɗaga kai. Ga shi can a saman benenta, ja wur, iska na kaɗa shi hankali kwance.

Awa guda ba ta cika ba da ma'aikaciyar asibiti ta ce mata ta riƙa tafiya a hankali, ta guji tashin hankali. Mai Bargo ta diro daga mota ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Takalminta ɗaya ya tsaya a kan gada, ba ta ko kalle shi ba.

Ta tarar da matar ɗanta a tsakar gida tana fara'a har kunne, jariri a cinya.

"Mama, sannu da dawowa! Kin ga aikin jikanki? Na shimfiɗa masa bargon nan na cikin akwati don ya fi laushi, kan ki ce kwabo ya jiƙa shi sharkaf. Amma kar ki damu, na wanke shi tas, ɗauraya biyu na yi masa. Na ga ma igiyar sama babu kowa a kanta."

"Babu kowa a kanta," in ji Mai Bargo, tana haki.

"E, Mama. Ga rana, ga iska. Yanzu zai bushe."

Jaririn ya dube ta ya wangale baki ba haƙori ko ɗaya, ya ƙyalƙyale da dariya. Da babba ne da ya sha mari.

Ta haye bene za ta sauke shi. Har hannunta ya kama gefen bargon, sai ta tsaya cak. In ta sauke yanzu, kowa ya san bargo ya yi ƙarya. Bargon da ya yi ƙarya sau ɗaya kuwa, gobe in an gan shi sai an tsaya tambaya, shi kuma ruwa ba ya jiran a ba da amsa. Nan fa wata dabara ta faɗo mata, irin dabarar da ba ta zuwar wa mutum sai ya rikice. Tunda bargo ya ce ruwa na zuwa, to ruwa ya zo mana! Ba mijinta ne ke riƙe da ƙofar kogin ba?

"Kar ki taɓa shi!" ta daka wa yarinyar tsawa. Ta zura takalmin wanka, ta tare mai babur ta ce dam, kuma in bai yi gudu ba Allah ya isa.

A bakin ƙofar ma'aikata maigadi ya sha gabanta. "Inna, ba a shiga."

"Matar Baba Shiru ce. Abin gaggawa ne, jikansa ne."

"Subhanallahi! Me ya same shi?"

"Fitsari ya yi."

Kafin maigadi ya gama juya maganar a kansa, ta wuce.

Duk tsawon aurensu ba ta taɓa taka wurin aikin mijinta ba. A zatonta wani rami ne mai duhu, ruwa har gwiwa, ga ƙaton ƙarfe yana murɗawa yana nishi, shi ya sa ma takan ƙara masa abinci ranar takalmi. Da ta tura ƙofa sai ta ga ɗaki tas-tas, daɓensa na sheƙi, sanyin na'ura na busawa, ga allunan kwamfuta jere, har da 'yar tukunyar fure a taga. Baba Shiru na zaune a kujera mai taya yana shan shayi. Kusa da shi ga injiniyar wurin, wata matashiya mai tabarau.

Mai Bargo ta jawo shi gefe don ta yi masa raɗa. Sai dai raɗarta irin wadda ake ji daga maƙwabta ce.

"Malam, ka sakar min ruwa."

Ya dube ta.

"Ba da yawa ba. Iyakar gwiwa. Kai ko yatsa huɗu ne ya ƙaru, su dai ga ya motsa."

"A'a."

"Malam, shekara talatin da ɗaya ina dafa maka abinci, ko bokiti ɗaya ban taɓa roƙonka ba! Tafki guda kake zaune a kai!"

"A'a."

A'a biyu a jere, a wurin Baba Shiru wannan doguwar hira ce. Injiniya ta ga abin ba mai ƙarewa ba ne, sai ta taso ta kama hannunta. "Mama, zo ki gani." Ta kai ta taga. Ga tafki shimfiɗe, amma gefensa duk laka ce busasshiya, ruwan ya ja baya sosai.

"Kin ga sandar can mai lambobi? Da ita muke auna zurfi. Ruwa ya sauka ƙasa da jan layi, damina kuwa da saura. Abin da ke cikin nan shi za a yi ta tsakura har wata uku, ana ba garuruwa wuta, ana ba manoman da ke ƙasa da dam ruwa. Kuma ba mu ke yanke lokaci ba, daga babban ofis ake aiko mana, su ma sai sun duba yawan wutar da ake buƙata. Gwiwar da kike rainawa, kafin ruwa ya kai gwiwa a kwanarku sai inji biyu sun yi awa biyu suna aiki. Ga kuma masunta nan ƙasa da ƙofa, ba a sanar da su ba. Su wa zai shanya musu bargo?"

"Wane bargo?" in ji Mai Bargo da sauri.

"Ni ban ce komai ba, Mama."

Mai Bargo ta bar bakin taga. Ta zube a kan wata kujera, kujerar ta gangara da ita baya har ta bugi bango, ko a jikinta. Ƙasa take kallo. Daɓe a bushe ƙayau, ko ɗigo babu.

"To ina wurin da kuke shiga ruwan?"

"Wane ruwa, Mama?"

"Wanda ake sa wa takalmi."

Injiniya ta tuntsire da dariya. "Au, takalmin Baba! Ai tun da aka sa maɓallan nan, shekara goma sha ɗaya ke nan, babu mai taka ko danshi. Da yatsa ake buɗewa. Shi dai wasu ranakun sai mu gan shi da takalmi ɗaure a babur, ya shigo da shi ya ajiye a ƙarƙashin tebur, da yamma ya mayar gida. Mun yi masa tsiya har mun gaji. Ni har cewa na yi ko tsoro yake kar a sace masa a gida."

Mai Bargo ta juya a hankali ta kalli mijinta. Shi kuwa ya duƙufa yana leƙen kofinsa kamar ƙuda ya faɗa ciki.

Ashe haka ne! Ita tana can tana hura hanci wai ta yi wa mutum wayo, ashe shi ke mata hannunka-mai-sanda. Shekara goma sha ɗaya yana jigilar takalmin da ba ya sawa, zuwa da dawowa, don kawai ta gani. Kunya ta rufe ta, wani daɗi kuma ya taso mata, ta rasa dariya za ta yi, ko kuka, ko ta maka masa jaka. Ba ta yi ko ɗaya ba, don har yanzu bargo na kan igiya, ruwa kuwa babu.

Sai wajen ƙarfe uku ta iso bakin kogi. Jama'a na zaune a kan tudu sahu-sahu, kowa ya zuba wa kwana ido kamar masu kallon ƙwallo. Mai kwalekwale ya yi barci a jirginsa, baki buɗe. Wani kare ya sauko ya tsallaka kogin a tsanake, ya tsaya a tsakiya ya sosa kunne, ya wuce.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, ta sani. Ta taka matakalar wata tifa ta hau don kowa ya gan ta, ta gyara mayafi.

"Jama'a, ku yafe ni. Babu ruwa yau."

"To bargon fa, Inna?"

"Wanke shi aka yi." Ta nuna saman benenta. "Jikana ne ya yi masa fitsari."

Sai direban tifar da take tsaye a kai, wani ƙato mai ƙaramar hula, ya fara wani irin sauti ta hanci, ya yi ƙoƙarin dannewa, ya kasa, ya fashe. Shi ke nan aka ɓalle. Masu wanki suka riƙe ciki suna faɗawa kan kayan mutane da suka cakuɗe, zanen gadon asibiti da rigunan mahauta duk a buhu ɗaya. Mai jaki ya rungume wuyan jakinsa yana cewa, "Ashe ka fi ni hankali!" Mai kwalekwale ya farka a firgice yana tambaya ko ya zo, dariya ta ƙara tashi sabuwa. Ita kanta Mai Bargo sai da ta yi, hawaye na zuba.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Mai albasa ya buɗe mata bakin buhu, ga albasa ƙanana-ƙanana ko kai ba su gama yi ba.

"Inna, saura mako uku su nuna."

Ta leƙa cikin buhun. Tana nan tsaye sai direban tifa ya share hawayensa ya ɗaga murya: "To daga yau in mun ga ja, sai mu fara aikawa a tambayo mana lafiyar jariri!" Aka sake kwashewa. Ita kuwa wannan karon ba ta yi dariya ba, domin abin da take gudu ke nan tun safe, ga shi an faɗa mata shi a cikin raha.

Kwana uku ba ta sha da daɗi ba. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, ita kuwa ruwan ma ba ta samu ja ba. In ta wuce sai ta ji ana cewa, "Inna, yau hadari ko fitsari?" A kasuwa ba wanda ya tuna da kujera. Matar ɗanta ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta bi duk wani jan abu na gidan ta ɓoye, har bokiti da murfin tukunya.

Ranar Asabar da safe Mai Bargo ta ji an jawo abu daga ƙarƙashin gado. Ƙwas! Ƙwas! Ƙwas! Baba Shiru ne ke kakkaɓe takalmi a bakin ƙofa. Yau ta fara lura da irin ƙarfin da yake buga shi, sai ka ce da kurma yake zaune.

Ta sunkuci bargo ta hau bene ta shanya, ta tsaya tana kallo. Kawuna suka ɗago. Hannuwa suka nuna. Sai iska ta kawo mata dariya. Wata mai wanki ta ɗaga wani ɗan farin ƙyalle irin ƙunzugun jariri tana kaɗa mata. Direban tifa ya danna hon har da salo, sa'an nan ya ƙara kutsawa tsakiyar kogi, biyu suka bi shi. Mai albasa, da ke dashen sabon iri, ya ɗago ya daɗe yana kallon bargon, sai ya sunkuya ya ci gaba da aikinsa. Wannan sunkuyawar ita ta fi ƙona mata rai. Ta yi ihu, ta kaɗa hannu, ta yi ihu har muryarta ta dushe. Daga can ƙasa tsiya suka ɗauka take mayar musu, suka ɗaga mata hannu su ma.

Ta sauko tana tuntuɓe. Baba Shiru, da ya kamata a ce ya sha kwana tun ɗazu, yana nan a tsakar gida yana goge madubin babur wanda ba abin da ya same shi.

"Malam, ba su yarda ba! Ba za su fita ba! Akwai mata da goyo a can, Malam. Da hannuna na kashe su!" Ta kama rigarsa. "Ka je ka gaya musu da bakinka!"

"Doka," in ji shi.

"Doka ta ci gidansu!"

Ya kwance takalmin daga bayan babur, ya zauna a dakali, ya cire na ƙafarsa. Ya zazzage na farko, wani kyankyaso ya faɗo ya ruga. Ya zura ƙafa, robar da ta shekara goma sha ɗaya ba ta ga ƙafa ba ta yi ƙara ƙiii. Ya sa ɗayan, ya miƙe.

"Sauko min da bargon."

Ya yafa shi tun daga kafaɗa har ƙwauri, a safiyar da tuni zafi ya fara gasa mutane, ya kama hanyar kogi, ƙwaf, ƙwaf, ƙwaf. Mai Bargo na biye, matar ɗanta na biye da ita da jariri a baya.

Da ya iso wurin masu wanki ya tsaya. "Sannunku da aiki."

Sabulu ya suɓuce daga hannun wata. Baba Shiru ya fara gaida mutum! Ya wuce wurin masu yashi, su ma ya yi musu sannu, shebur suka tsaya a sama. Direban tifa ya leƙo ta taga, dariyarsa ta rage rabi.

"Baba, lafiya da bargo a zafin nan?"

"Sanyi nake ji."

Ya ci gaba har tsakiyar kogi, inda ɗan ruwan ke wucewa iyakar idon sawu. Nan ya tsaya, ja wur, kowa na ganinsa. Ya juya ya fuskanci dam, ya kare ido da tafin hannu ya daɗe yana hange. Ya duba agogo. Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya dudduba takalmin ko yana yoyo, ya sauke. Ya sa hannu a gwiwarsa, ya matsar da shi ƙugu, ya matsar ƙirji, ya kai wuya, kamar mai auna tsawon riga. Ya sake duba agogo, ya girgiza kai.

Shiru ma magana ce. Mai albasa ne ya fara miƙewa, ya saɓi injin ban-ruwansa. Mai wankin nan ta cusa farin ƙyallenta a baho. Kafin a ce haka kogi ya motsa gaba ɗaya. Direban tifa ya yi baya da gudun da bai taɓa yi da gaba ba, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Jakin nan ma, yau shi ke jan mai shi.

Baba Shiru ya dawo ƙwaf, ƙwaf, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Ya tsaya gaban matarsa.

"Ni ban ce komai ba."

"Ba ka ce ba, Malam."

"Ki zama shaida."

Ya koma gida ya hau babur ɗinsa, ya manta bargon na jikinsa, ya haye gada jan abu na tashi a bayansa, ya tafi aiki a makare, karo na farko a rayuwarsa.

Sha biyu da minti goma ruwa ya ɓullo ta kwana. Mai Bargo tana kan tudu, ta ƙirga kawuna sau biyu, ta tambayi kowa ko ya ga abokin aikinsa. Ruwan ya taho ba hayaniya, ya shafe sawun tayoyi, ya haɗiye ramukan yashi, ya ɗauki hular direba ya yi gaba da ita. Wurin da tifofin nan uku suka tsaya ɗazu, yanzu ko dogon mutum ya shiga ba a ganin gashinsa. Ba wanda ya yi dariya. Direba ya daɗe yana kallon wurin, hannu a kan ƙwaryar kansa, sa'an nan ya buɗe mota ya ciro kujerarsa ta katako, ya goge da gefen riga, ya ajiye a bayan Mai Bargo. Can sai aka ji ihu, ashe mai kwalekwale ne, ruwa ya ɗaga shi bayan kwana huɗu yana jira.

Da yamma Baba Shiru ya dawo, bargo a ninke a kan takalmi. Matar ɗansa ta karɓa da hannu biyu, ta shinshina, ta ce a tsorace, "Mama, ya sha gumi. In wanke?"

"A ɗaki za ki shanya!" suka faɗa tare, kuma muryar Baba Shiru ce ta fi tashi, har jariri ya razana.

Mai Bargo ta haɗa masa shayi, ta zuba sukari cokali uku, ta zauna kusa da shi a dakali.

"Malam, tun yaushe ka sani?"

Ya kurɓa. Ya hura. Ya sake kurɓa. Har ta fid da rai za ta tashi, sai ya nuna saman bene da haɓa.

"Igiyar can, shekara goma sha tara rana na dukanta, ruwa na dukanta. Kin taɓa ganin ta tsinke?"

Ta yi tunani. Ba ta taɓa gani ba, kuma ba ta taɓa tambayar kanta dalili ba.

"Duk shekara nake canja ta," in ji shi. "Ranar da kike zuwa kasuwa."

Mai Bargo ta ja gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ita kanta ba ta san ko dariya take ko kuka ba. Baba Shiru ya leƙa kofinsa.

"Sukarin ya yi yawa," ya ce, ya shanye tas.